Babi na Shida: Katako Mai Taya Huɗu da Idon Kyamara

Kowane wasa da ƙofar da ya bi ya shigo gari. Dambe da kokawa da langa a dandalinmu aka haife su. Ƙwallon ƙafa ta biyo ta makarantun boko da barikin soja, sannan rediyo da gidajen kallo suka ƙarasa shigar da ita kowane lungu. Shi kuwa wasan zamiya a kan katako mai taya huɗu, ta gilashin talabijin ya leƙo Kano. Babu malamin wasanni da ya kawo shi, babu hukumar da ta ƙaddamar da shi. Hoto mai motsi ne ya yi masa jagora, kuma har gobe mafi yawan masu ƙaunarsa a garin nan a waya suke fara saninsa kafin su taɓa ɗora ƙafa a kan katakon. Don haka duk mai son fahimtar wannan wasa, dole ya fara da bidiyonsa.

Daga gidan gem zuwa tafin hannu

Mu da muka yi ƙuruciya a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi a farkon shekarun 2000, a gidan gem muka fara jin sunan Tony Hawk. Ɗan shago ne mai benci, da talabijin, da na'urar PlayStation, janareta na ruri a ƙofa. Gem ɗin ƙwallo ne ke cin kasuwa, amma cikin tarin fayafayen akwai Tony Hawk's Pro Skater, wanda ya fito a 1999. Duk wanda ya jure ya kai ƙarshensa, sai a buɗe masa gajeren bidiyo na ainihin mutanen da yake ta juya hotonsu da maɓalli. A nan abin ya kama ni. Ashe da gaske ɗan Adam yana iya tashi sama da katako a ƙarƙashin ƙafarsa, ba igiya ba ƙusa, ya dira a kan ƙarfen matakala, ya zame har ƙasa, ya wuce abinsa.

Daga nan 'yan ƙalilan daga cikinmu muka shiga farautar duk wani faifai mai ɗauke da irin wannan hoto. Wanda ya samu, sai ya zagaya hannu-hannu har ya karce. Sai girma ya zo da nasa hidimomin: karatu, neman na kai, iyali. Sha'awar ta kwanta shekara da shekaru.

Gasar Olamfik ta Tokyo ce ta tashe ta. Annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa 2021, kuma ita ce ta farko da aka saka wasan zamiya cikin jerin wasanninta. Wani dare bayan sallar isha'i ɗan yayata ya miƙo mini waya a ƙofar gida, ya ce, "Kawu, dubi abin da yarinyar nan take yi. Umma ta ce da can kai ma ba ka da zance sai na wannan wasa." Yarinyar ita ce Momiji Nishiya ta Japan, mai shekara 13, wadda ta ci lambar zinare a zamiyar titi. Wadda ta zo ta biyu, Rayssa Leal ta Brazil, ita ma shekarunta 13.

Da na koma nema, sai na tarar abin da muka sha wuyar farauta yana zube a YouTube kyauta, tsoho da sabo. Mujallar Thrasher, wadda aka kafa a San Francisco a 1981, kusan kullum sai ta saki sabon bidiyo a shafinta. Wayar da za ka saya a kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni ta isa ka kalli tarihin wasan tun daga farko, ka tsayar da hoto inda kake so, ka rage masa gudu. Da idon girma na sake kallon su, kuma na ga abubuwan da idon yarinta ya tsallake.

Yadda katakon ya koyi tashi

Asalin wasan daga gaɓar tekun jihar Kalifoniya ta Amurka ne, a shekarun 1950. Matasan da ke hawan igiyar ruwa a kan dogon katako, ranar da teku ya kwanta sai su rasa abin yi. Sai suka riƙa cire tayoyin takalmin taya suna kafa su a jikin falanki, suna gangara tituna. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka koma na wani haɗin yumɓu. Dukansu ba sa kama ƙasa, kuma tsakuwa guda ta isa ta tsayar da taya cak ta wurgar da mahayi.

A wajajen 1972 wani matashi mai suna Frank Nasworthy ya fara yin tayoyi da wata irin roba da ake kira foliyuretan, mai riƙe ƙasa da shanye ƙananan gargada. Wannan taya ce ta farfaɗo da wasan. Sai kuma fari ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, masu gidaje suka bar kwamin ninƙayarsu babu ruwa. Matasa irin su Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta suka riƙa shiga waɗannan busassun kwamaye suna hawa bangonsu mai lanƙwasa har su leƙa baki. A wajajen 1978 wani yaro ɗan jihar Florida, Alan Gelfand, wanda abokansa ke yi wa laƙabi da Ollie, ya gano yadda zai tashi daga irin wannan bango ba tare da ya riƙe katakon da hannu ba. A farkon shekarun 1980 Rodney Mullen ya sauko da wannan tsalle zuwa miƙaƙƙiyar ƙasa. Tun daga ranar, kowane dakali da kowace matakala a duniya suka zama wurin wasa.

Ga yadda ake yin wannan tsalle, wanda aka sa wa suna oli. Mahayi yana tafe, ƙafarsa ta baya a kan wutsiyar katako, ta gaba a wajen tsakiya. Ya ɗan durƙusa, ya daki wutsiyar da ƙarfi har ta bugi ƙasa, a daidai wannan lokaci ya yi tsalle. Bugun ne ke ɗaga hancin katakon sama. Sai ya karkata ƙafar gaba, ya ja gefen takalminsa a kan fuskar katakon zuwa hanci. Fuskar an manne mata baƙar takarda mai kaushin samfefa, don haka takalmin yana jan katakon, ya daidaita shi a cikin iska. Gwiwoyi su naɗe, katako ya biyo tafin ƙafa, sannan a dira a saitin tayoyi, gwiwa a sake. Shi ya sa ake gane mai zamiya daga takalminsa: gefen ƙafar gaba ya cinye, igiyar takalmin ta tsinke an ƙulla.

Duk wannan bayani da ya ci layuka, a aikace bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ido ba ya iya rarrabe shi, hoton mujalla kuma motsi ɗaya tak yake kamawa. A nan ne wasan ya buƙaci kyamarar bidiyo.

Kaset ya zama malami

A 1984 kamfanin Powell-Peralta, na George Powell da Stacy Peralta, ya fitar da kaset mai suna The Bones Brigade Video Show, daidai lokacin da na'urar bidiyo ke shiga gidajen mutane. A ciki akwai Tony Hawk da Steve Caballero da Lance Mountain da Rodney Mullen. Yaron da ke wani gari mai nisa, wanda bai taɓa ganin ƙwararre ido da ido ba, yanzu yana iya mayar da kaset baya, ya tsayar, ya dubi inda aka ajiye ƙafa, ya fita waje ya gwada, ya dawo ya sake kallo, yana maimaitawa kamar mai tilawa.

A 1991 kamfanin Blind ya saki Video Days, wanda Spike Jonze ya ɗauka, Mark Gonzales yana kan gaba cikin 'yan wasan. Abokai ne a tsohuwar mota suna yawo a gari, suna zamiya a duk inda suka ga wuri. Ba wani kuɗin kirki aka kashe ba, amma har yau masana wasan suna lissafa shi cikin bidiyoyin da suka fi tasiri. Shi Jonze ɗin daga nan ya zarce harkar fim, har ya ci kyautar Oscar a 2014.

A waɗannan shekaru ne bidiyon zamiya ya samu tsarin da yake kai har yanzu. Kowane ɗan wasa da nasa kason, minti uku ko huɗu, da waƙar da aka zaɓa masa. Ana ajiye mafi wuyar abin da ya yi a ƙarshen kasonsa, kuma wanda aka ba kason ƙarshe na bidiyon shi aka karrama. Waɗannan 'yan mintoci kan ci shekara ɗaya ko biyu ana tara su.

Mai ɗaukar hoton ma ɗan wasa ne. A 1995 kamfanin Sony ya fitar da kyamara mai suna VX1000, wadda ta zama abokiyar tafiyar masu zamiya. Suna ɗaura mata gilashi mai faɗaɗa hoto da ake kira idon kifi. Mai ɗauka yana hawa nasa katakon, ya bi bayan abokinsa a guje, ya sunkuya, ya riƙe kyamarar ta marfin hannunta dab da ƙasa, tazararta da tayoyin abokin ba ta wuce kamu biyu ba. Idonsa ɗaya a kan ɗan wasa, ɗaya a kan ramin da ke gabansa. Daga wannan kusurwa matakala tana ƙara tsawo, tsalle yana ƙara nisa, kuma ana jin komai: ƙarar wutsiya a kan siminti, kukan ƙarfe a kan ƙarfe, da dirar tayoyi huɗu lokaci guda. Saboda wannan hoto da wannan sauti, har yau akwai masu neman tsohuwar kyamarar ruwa a jallo.

Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da kaset ke iya yi. A 1990, shekara guda kafin Video Days, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Su ma matasa ne marasa babban jari, da kyamara mai sauƙin kuɗi, da kaset mai yawo gida-gida. Daga wannan tushe masana'antar Kannywood ta tashi, kuma yawancin ofisoshinta a Titin Gidan Zu suka taru, tafiyar 'yan mintoci daga Darmanawa. Masu riƙe kyamara da masu tace hoto suna nan maƙwabtanmu.

Abu biyu da kallo ke koyarwa

Na farko shi ne faɗuwa. Ranar 27 ga Yuni 1999, a gasar X Games a San Francisco, Tony Hawk yana da shekara 31 ya nemi yin juyi biyu da rabi a sama, abin da ake kira 900, wanda babu wanda aka taɓa gani ya yi shi ya dira lafiya. Ya gwada ya faɗi, ya tashi ya hau, ya sake faɗi. Lokacin gasar ya ƙare, amma ba a tsayar da shi ba, abokan hamayyarsa ma suka koma masu ƙarfafa masa gwiwa. Da ya dira a ƙarshe, su suka fara rugawa suka ɗaga shi. Wanda ya kalli dirar kawai ya ga gwaninta. Wanda ya kalli abin tun daga farko ya ga inda gwanintar ta fito.

Wannan ɗabi'a ta ratsa wasan baki ɗaya. Bidiyoyi da yawa suna ware wani sashe na faɗuwa zalla, don mai kallo ya san farashin abin da ya burge shi. Akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba: sai ka dira da ƙafa biyu ka ci gaba da tafiya kafin a ce ka yi. In hannunka ya taɓa ƙasa, kai da kanka za ka ce a sake. In ba a gasa ba, babu alƙalin wasa, babu koci mai busa usur, babu bencin 'yan jira. In sabon shiga ya yi olinsa na farko, ƙwararrun da ke wurin sukan buga wutsiyar katakonsu a ƙasa don taya shi murna, yadda za su yi wa gwani. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ban san wani wasa da ke nuna wa yaro gaskiyar wannan magana a fili kamar wannan ba, domin a nan babu wanda zai dafa maka.

Na biyu shi ne kallon gari. Wanda ya saba da waɗannan bidiyoyi, tafiyarsa a ƙafa tana canzawa. Daga cikin Darmanawa zuwa Titin Zariya, idona yanzu yana auna murfin kwalbati, da bakin lambatu, da matakalar gaban shaguna, da daɓen gidajen mai, da gangaren gadar Dangi. Ina lura da simintin da aka kwaɓa da kyau da wanda aka yi wa rowar buhu ya farfashe. Ina lura da inda yashi ya cinye gefen kwalta, da inda aka bar rami a buɗe. Ina kuma lura da ginin da aka yi wa gangaren shiga da wanda aka bari da matakala kawai. Mai katakon zamiya, da mai keken guragu, da ɗan garuwa mai tura kura, buƙatarsu ɗaya ce: ƙasa mai laushin tafiya. Wasa ne ya buɗe mini ido a kan wahalar da wasu ke sha kullum a hanyar da nake bi.

Namu na gida

Katako mai taya ba baƙo ba ne a Kano. Yaran unguwanninmu sun daɗe suna zuwa wurin bakanike su roƙi tsohon boris, su sami guntun falanki a wurin kafinta, su haɗa motar boris, ɗaya ya zauna ɗaya ya tura. Babu bambanci tsakanin wannan da abin da yaran Kalifoniya suka yi da tayoyin takalmi, illa su sun sami taya mai kyau da ƙasa mai santsi da wanda ya ɗauke su hoto.

Amma manyan gwanayen katako mai taya a garin nan su ne 'yan'uwanmu da cutar shan inna ta taɓa. Dubi ɗayansu da kyau in ya zo wucewa. Yana zaune a kan faffaɗan katako mai ƙananan tayoyi huɗu, silifas a tafin hannuwansa. Da bugu biyu ya ɗauki gudu. In zai yi kwana, sai ya dasa hannu ɗaya ya karkata jiki, katakon ya juyo a wuri guda. In ya iso gargada, sai ya mayar da nauyinsa baya ya ɗage tayoyin gaba. Duk wanda ya taɓa hawa katakon zamiya ya san shekarun da ke cikin wannan iyawa.

Daga cikinsu ne aka sami wanda ya mayar da katakon abin gasa. A 1988 Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon da ake kira farasoka, wadda ake bugawa da hannu a kan daɓe, 'yan wasa suna gudu a kan katakonsu. Wasan ya bazu zuwa jihohi, ya sami hukumarsa ta ƙasa, kuma akan shirya gasarsa albarkacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. A birnin Accra na Ghana ma akwai ƙungiyar Rolling Rockets mai buga irin wannan ƙwallo. Duk tarihin katako mai taya da za a rubuta a Nijeriya, da waɗannan mutane ya kamata a buɗe shi.

Sai kuma samarin takalmin taya da muke gani a manyan tituna, wasu suna rabon takardun talla, wasu suna kama bayan adaidaita sahu ko babbar mota tana jan su. Wannan ganganci ne da ke iya cin rai, kuma babu mai hankalin da zai yaba shi. Amma yana nuna abu biyu: sha'awar tana nan da ƙarfinta, kuma ba ta da wurin zuwa.

Abin da wasu suka yi

A unguwar Kitintale ta birnin Kampala, wani matashi mai suna Jackson Mubiru da abokansa sun gina wurin zamiya da hannunsu a wajajen 2006, da bulo da siminti. A Addis Ababa, ƙungiyar Ethiopia Skate ta fara a 2013 da 'yan katakai kaɗan da yara ke karɓa-karɓa, kafin a gina musu fili a 2016. A Accra, ƙungiyar Surf Ghana ta Sandy Alibo ta buɗe Freedom Skatepark a Disamba 2021, da tallafin mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu makonni kaɗan kafin buɗewar.

A nan gida, Jomi Marcus-Bello ya kafa Wafflesncream a Legas, ya tara matasa masu zamiya, ya buɗe shagon sayar da katako da tufafi. Harabar babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere ta daɗe tana zama mahaɗarsu. Blessing Ewona ta kafa Dencity domin 'yan mata masu son wasan. A 2024 aka buɗe wurin zamiya a Freedom Park, inda tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka yake a tsibirin Legas. A duk waɗannan wurare tsarin iri ɗaya ne: yara suka fara da abin da ke hannunsu, suka ɗauki kansu hoto, duniya ta gani, sannan taimako ya biyo baya.

Ga iyayen da ke tsoron kada wasan ya zo da baƙuwar tarbiyya, tsoronsu yana da tushe. A cikin bidiyoyin ƙasashen waje akwai masu nuna shaye-shaye, da ɓarnar kayan mutane, da waƙoƙin batsa. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jikin katakon. A Kabul, wani ɗan Ostareliya mai suna Oliver Percovich ya fara koya wa yara zamiya a 2007, abin ya zama ƙungiyar Skateistan, wadda ta haɗa wasan da aji da darasi. 'Yan mata da ɗankwalinsu a ƙarƙashin hular kwano suka koya, kuma fim ɗin da aka yi a kansu ya ci Oscar a 2020. Kowace al'umma tana iya ɗaukar wasan ta tufatar da shi da nata tufafin.

Ƙasa, ƙura da kuɗi

Mai son farawa a Kano zai gamu da matsaloli na zahiri, gara ya san su tun da wuri. Katako na gaske ana yin sa ne da siraran falle bakwai na icen mapul da aka manne aka matse, faɗinsa kusan inci 8, tsawonsa kusan inci 32. Daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa yana bin dala. Wanda ake sayarwa cikin kayan wasan yara, mai ƙafafun roba, ba ya ɗaukar tsalle, kuma karyewarsa a ƙarƙashin mutum haɗari ne. Gara yara biyar su haɗa kuɗi su sayi nagari guda ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Sai taya. Ƙwararrun da muke kallo suna amfani da ƙanana masu tauri, milimita 52 zuwa 54, saboda ƙasarsu santsi gare ta. A kan kwaltarmu mai kaushi, taya mai ɗan girma da laushi ta fi, daga milimita 56 zuwa sama. Kowace taya tana ɗauke da boris biyu, takwas ke nan gaba ɗaya, kuma lambarsu 608, girman da aka saba da shi a injuna da yawa, don haka samunsa ba ya wuya. Babban abokin gabarsa shi ne ƙurar hunturu. In taya ta fara ƙara tana tsayawa da wuri, a cire boris, a ɓalle murfinsa da bakin allura, a wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga masa man keken ɗinki. Da damina kuma a kiyaye ruwa, domin yana sa katako ya kumbura ya saki, boris ya yi tsatsa. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a yi wasa da sanyin safiya ko bayan la'asar. Hular kwano da makarin gwiwa da na gwiwar hannu wajibi ne ga mai koyo.

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da dabara. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai, shi ne fili.

A ba su daɓe

A birnin Portland na Amurka, masu zamiya sun fara zuba kankare a ƙarƙashin gadar Burnside a 1990, a wurin da kowa ya guje wa, daga baya hukumar birnin ta amince da shi. A Landan, wurin da ake zamiya a ƙarƙashin ginin Southbank tun shekarun 1970 ya tsira daga zama shaguna a 2014, bayan matasa sun tashi tsaye sun tara sa hannun jama'a. A Accra kuwa, rigimar mallakar fili ta dabaibaye Freedom Skatepark bayan an gama kashe kuɗi. Darasin a bayyane yake: a nemi wurin da ba a amfani da shi, a bi ta hannun hukuma, a riƙe takarda kafin a sauke buhun siminti na farko.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Tarauni ba. Fili kamar girman na ƙwallon kwando, nesa da hanyar mota, a yi masa daɓen kankare mai santsi, da dakali biyu ko uku, da ɗan gangare, da ƙarfe guda da mai walda na unguwa zai lanƙwasa. Maginanmu sun iya, in an nuna musu zane. Daɓe guda zai ɗauki 'yan farasoka da safe, masu takalmin taya da masu katako da yamma, a ware wa 'yan mata nasu lokacin, dattawan unguwa suna sa ido.

Ina kira ga ƙaramar hukumar Tarauni, da masu unguwannin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, da masu makarantun da harabarsu ke kulle ranakun hutu, da masu hannu da shuni da ke neman aikin alheri mai ɗorewa, su dubi wannan buƙata. Ku kuma ƙannena da 'ya'yana masu wannan sha'awa, ku sauka daga babban titi, ku saki bayan mota, ku haɗa kanku ku je wurin manya da ladabi da tsari a rubuce. Ku fara da gaida 'yan farasoka, domin sun riga ku hawa katako. Wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar da aka ɗauki Video Days da ita ƙarfin hoto. Ku ɗauki junanku, da faɗuwar da tashin, da Hausa a bakinku da unguwarku a bayanku, ku nuna wa duniya cewa a Kano ma ana yi.